Fodkas: Maƙwabtan da ke zaune a tumbin sauro

Bello: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga Birnin Kebbi. Idan kun ji tafi a cikin shirin nan, ba yabonmu ake yi ba, Umaru ne ke fama da sauro.

Umaru: Yaya Bello, ƙyale ni. Jiya a Argungu na kwana, daf da fadamar shinkafa. Na kunna igiyar leko biyu, amma kamar turare na yi musu. Na murƙushe wani a bango, jinina ne shar a farin fenti.

Hadiza: To wannan da ka murƙushe, ba jininka kaɗai ke cikinsa ba. Tumbin sauro cike yake da ƙwayoyin bakteriya. Wasu tun yana tsutsa a kududdufi ya haɗiye su, wasu a ruwan furanni ya sha, wasu kuma gado ne daga uwa.

Bello: Malama Hadiza, mu da ke neman tsari da shi, ina ruwanmu da abin da ke cikinsa?

Hadiza: Da ruwanmu kuwa. Mutane na ɗauka sauro allura ce, ya zuƙo cuta nan ya tsira wa wancan. Ba haka ba ne. Idan macen sauro ta sha jinin mai maleriya, sai ƙwayar cutar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana rikiɗa a jikinta kafin ta kai ga yawunta. Zangon farko a tumbi take yinsa, inda ta tarar da masu gida. Wasunsu kuma ba sa karɓar baƙo.

Umaru: Wato gidan haya ne, ana rigimar tsakar gida.

Hadiza: Ka gane. A 2011 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka ba da labarin wata bakteriya da suka samo a saurayen daji na Zambiya. Wani sinadari take fitarwa da ke kashe ƙwayar maleriya tun ba ta ratsa bangon tumbin ba. Amma wadda ta fi suna ita ce Wolbakiya. Tun 1924 aka gano ta a jikin sauron nan mai son ruwan kwata.

Bello: Shekara ɗari ke nan fa! Me aka tsinana da ita?

Hadiza: An daɗe ba a san amfaninta ba. Daga baya aka dasa ta a jikin sauron da ke yaɗa zazzabin dengi, mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, domin tana hana ƙwayar dengin hayayyafa a jikinsa. Aka fara sakinsu a Ostareliya a 2011. Uwa ce ke ba 'ya'yanta ta cikin ƙwai, saboda haka da kanta take bazuwa. A birnin Yogyakarta na Indunisiya, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna dengi ya ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka sake su.

Umaru: Tsaya. Sauro aka ƙaro wa mutane da gangan? Ki gwada zuwa ƙauyenmu da kwali cike da sauro ki ce taimako kika kawo.

Bello: Sai an rako ki da tsintsiya.

Hadiza: Shi ya sa sai da aka zauna da mutanen unguwa kafin a saki ko ɗaya. Amma kada mu ruɗi kowa: wancan sauron dengi ne. Namu na maleriya, mai cizon dare, jinsi ne daban. A 2014 an ga alamar Wolbakiya a jikinsa a ƙauyukan Burkina Faso, sai dai 'yar kaɗan ce, har masana na ta muhawara a kai.

Bello: Ni abin da ke ci min rai, binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi na ɗauke da cutar. Mu ne kan gaba a Najeriya a binciken. Shi ya sa a Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin da mu da Bayelsa. In ana neman sauron da za a leƙa cikinsa, ai na fadamarmu ya kamata a fara kamawa.

Umaru: Ni zan kawo musu kyauta. To Malama, yau da dare in jira masu gidan su yi aikinsu?

Hadiza: Ka ɗaura gidan sauronka, Umaru. Kuma wanda aka ba ka a asibiti, ka ciro shi daga shingen lambu.