Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina Daga Kwamitin Marubuta, Masu Ɗab'i Da Dillalan Littattafai Na Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina, iyayenmu malamai, manyan baƙi, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ƙoƙarinka a kan ilimi ba sai an yi masa shela ba, don haka ba za mu ci lokacinka da kirari ba. Kukanmu ɗaya ne, kuma da shi za mu fara: ɗaki muke roƙo, ko da ciki ɗaya ne, a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, inda za mu riƙa zaman bita sau ɗaya a wata.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun kafin boko, a Kasuwar Kurmi ake cinikin littattafan Larabci da ajami. A 1929 a nan aka kafa Hukumar Fassara kafin a ɗauke ta a kai Zariya, can aka yi gasar 1933 da ta fito da su Abubakar Imam, can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) a 1966. Ba ma ƙyashi, amma a riƙa tuna inda aka yanke cibiya. Da manyan kamfanoni suka ja baya a shekarun 1980, matasan Kano ne, maza da mata, suka tara kuɗin aljihunsu suka buga littattafansu, har aka karanta su a Maraɗi da Kumasi. Tukwicin da muka samu shi ne suna, "Adabin Kasuwar Kano", kuma ba don yabo aka raɗa shi ba.

Yau takarda daga waje take zuwa, tunda masana'antun Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa wadatar da ƙasa, dala ta motsa, kuɗin rim, wato ɗaurin takarda, ya tashi. 'Ya'yanmu sun koma waya. Za ka ga yarinya ta rubuta labari mai shafi ɗari uku da babban yatsa, ta saka a WhatsApp, kafin sati wani ya kwashe yana karantawa a YouTube, ko sisi ba ta gani ba. Ba ta san akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba, ba ta san Ɗakin Karatu na Ƙasa ke ba da ISBN, wato lambar shaidar littafi, ba. Wa ya zaunar da ita ya gaya mata?

Mu ma manya da namu laifin. Akwai littafin da ya fito daga wata maɗaba'a duk haruffa masu ƙugiya sun zube, "manyan baƙi" suka koma "manyan baki", kuma sai da aka ɗinke bango sannan aka lura.

Tsarinmu shi ne wata guda a yi ƙa'idojin rubutu da gyaran edita, mu gayyato malamai daga Jami'ar Bayero, wata na gaba lissafin kuɗin ɗab'i da rubuta yarjejeniya, sannan a zaunar da marubuci da mai maɗaba'a da dillali a tabarma ɗaya, domin yanzu ba sa haɗuwa sai ranar rigimar bashi. Malaman sun samu, ɗalibai sun fi ƙarfin benci. Inda muke taruwa bayan wani shago ne a Sabon Gari, tsakanin ɗaurin takarda da ƙarar janareta, mata kuwa da yawa ba sa iya zuwa.

Muna kuma fatan a tallafa wa wakilanmu zuwa baje kolin littattafai na Legas, a saka littattafanmu cikin waɗanda ake saya wa makarantu. Amma in ɗaya za a yi, ranka ya daɗe, a ba mu ɗakin. Kujeru da shara da kuɗin wuta duk a wuyanmu. Takardar roƙon tana hannun sakatarenmu, zai miƙa ta kafin a tashi.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.