Sharhi: Gafin waken suya gado ne

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Duk wanda ya taɓa kurɓar madarar waken suya da ba ta dahu sosai ba ya san gafin nan da ke maƙalewa a maƙogwaro. Mai awara ta fi kowa saninsa, domin da shi take kokawa kullum.

Abin mamaki, muddin ƙwayar waken tana nan ba a fasa ta ba, babu gafi. Sai an jiƙa an markaɗa, sannan wani sinadari mai suna lifoksijinas ya haɗu da man da ke cikin waken da kuma iska, nan take warin ya tashi. Sinadarin kala uku ne, kowanne da ƙwayar gadon da ke sa waken ya samar da shi. Biyu daga cikinsu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan zaren gado guda, shi ya sa masu kyautata iri suka daɗe suna fama: sun samu waken da ba shi da na farko, sun samu wanda ba shi da na biyu, amma barbara ta ƙi haɗa rashin biyun a tsiro ɗaya. Masana a Japan ne suka warware matsalar a farkon shekarun 1990, bayan sun haska wa iri hasken gamma, wani haske mai ƙarfi da ke sauya ƙwayoyin gado, suka zaɓo tsiron da ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Daga nan aka fitar da iri irin su Ichihime. Daga baya aka samu Kinusayaka, wanda aka rage masa har da wani nau'in sinadarin safonin mai kawo ɗaci da bauri.

Ba kowa ne ke ƙin wannan ɗanɗano ba, a ƙasar Sin akwai masu ganin madarar ba ta cika ba in babu shi. Amma a wajenmu, gafi ne ke sa yaro ya ture kofin kunun da aka zuba wa waken suya, alhali kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayar furotin ne, abin da jikinsa ke buƙata.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta yi aikin a yaba da ire-iren waken suya da ake kira TGx, waɗanda ke yabanya a gonakin Binuwai da Kaduna, kuma kwansonsu ba ya saurin fashewa ya zubar da 'ya'ya. A ganina lokaci ya yi da ɗanɗano zai shiga cikin ma'aunin zaɓen iri. Idan za a gwada sabon iri, a kai mudu guda wa matar da ke suyar awara a bakin titi, ta jiƙa, ta markaɗa, ta zuba ruwan tsami, ta faɗi abin da harshenta ya ji, a kuma rubuta shi a takarda ɗaya da yawan buhunan da kadada ta bayar.