Jawabin Maraba ga Babban Jami'in Hukumar Koko ta Gana a Ziyararsa ta Sefwi Wiawso

Assalamu alaikum. Mai girma babban baƙonmu, masu martaba sarakunan ƙasar Sefwi, Sarkin Zango, limamai da dattawa, a madadin manoman koko mazauna zangunan wannan yanki muna yi maka barka da zuwa, da fatan ka sauka lafiya.

Ranka ya daɗe, ka zo ka ji dalilin da ya sa wasunmu suka amince a sare tsofaffin itatuwansu a sake dashe, wasu kuma suka noƙe. Babu manomin da bai san cutar kumburin reshe ba, wadda aka fara ganowa a gabashin ƙasar nan a 1936, ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan itace suna ɗaukar ta daga wannan bishiya zuwa waccan, kuma ba ta da magani sai sara. Mun kuma ga irin da cibiyar bincike ta Tafo ta inganta yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko kusa da haka.

Waɗannan shekarun jira su ne abin tsoro. Tsohuwar gona, komai lalacewarta, tana ba da buhu biyu ko uku da za a biya kuɗin makaranta, shi ya sa dattijon da ya haura 60, 'ya'yansa sun tafi Kumasi, yake jinkirin ɗaga adda a kanta. Agade da ake dasawa don inuwa yana rage yunwa, kuma mun gode, amma bai kai kuɗin koko ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maganar ƙasa. Yawancinmu iyayenmu daga arewa suka zo, suka karɓi gonaki bisa tsarin abunu, inda ake raba gona biyu da mai ƙasa, ko abusa, inda mai kula da gona yake samun kashi ɗaya cikin uku na amfani. Galibin yarjejeniyoyin nan da baki aka ƙulla su, kuma a fahimtar mutane da dama haƙƙin manomi yana tsaye ne muddin itatuwan suna tsaye. Ranar da aka sare su, mai ƙasa yana iya neman sabon sharaɗi, ko ya karɓi abinsa, ga masu haƙar zinariya suna jira da kuɗi a hannu. Wanda ya mallaki gonarsa yakan amince da wuri, ɗan haya kuwa sai ya yi ta lissafi, kuma a ganinmu bai yi laifi ba.

Saboda haka muna roƙon ka zauna da sarakuna da masu ƙasa a rubuta cewa sake dashe ba ya warware yarjejeniya, sannan diyya da tsirrai su riƙa isowa kafin ruwan Afrilu, a kuma ƙaro malaman gona masu jin Hausa da Twi. Bayan wannan taro za mu raka ka gonakin da aka riga aka sabunta, ka ji daga bakin masu su. Allah ya mayar da kai gida lafiya.