Wa Ya Turo Ka Wurina?

Wannan lacca ce da wani dattijo mai ofishin dillancin gidaje ya yi wa matasan Hausawa a Makka bayan sallar isha'i. Daga faifan murya aka rubuto ta, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa: 'ya'yana, duk wanda ya shigo ofishina, kafin in tambaye shi ɗaki nawa yake so, sai na ce masa, wa ya turo ka? Sunan da ya faɗa ina rubuta shi a littafi. Da za ku buɗe littafin nan, da wuya ku ga attajiri. Mai gadin bene ne, mai gyaran famfo, ladan, sai kuma mata. Kada ku kuskura ku raina mata a sana'ar nan. Hajiya ɗaya in ta ji daɗin gidan da ka sama mata, kafin a watse daga biki a unguwar Rusaifa lambarka ta shiga waya goma.

A 2022, lokacin da ake rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulel da Karantina, wani bawan Allah ya zo mini da iyalinsa, ido ya raina fata. Akwai shigga, wato sashen gida a cikin bene, a hannuna a unguwar Aziziyya, mai kyau, mai sauƙi. Har ya sa hannu a aljihu. Na ce masa, Alhaji dakata, mai gidan nan alhazai yake ba wa haya, Zulƙida na kamawa za ka kwashe kayanka, sai an gama Hajji ka dawo. Ku da kuka tashi a nan kun san haka Aziziyya take saboda kusancinta da Mina, amma baƙo ina zai sani? Ya yi shiru, ya yi godiya, ya tafi. Yaron ofishina har fushi ya yi, wai na kori abinci. Ban sami ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, a wurin mutumin ba. Amma ƙanensa ni na sama wa gida, surukinsa ma haka, har yau kuma sunansa bai daina fitowa a littafina ba. Hadisin Hakim bin Hizam ne a Bukhari da Muslim: mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana aibi, za a sa musu albarka a cinikinsu.

To, sai dai zumunci ba ya tsaya maka a gaban hukuma. Tun 2023 sabuwar dokar dillanci ta fara aiki, ba a yin sana'ar sai da lasisin Fal daga hukumar kula da filaye da gidaje. Wanda ke da shaidar ɗan ƙasa a cikinku, ya je ya yi kwas ya karɓa. La'ada, wadda Larabawa ke kira sa'ayi, kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ce in ba a rubuta wani abu daban ba. A haya kuwa daga kuɗin shekarar farko ake lissafa ta. Mai saye da mai sayarwa su san da harajin cinikin gida na kashi 5 cikin ɗari tun kafin a zauna, kada a zo wajen canja sunan takarda a fara kallon-kallo.

Inda aka fi cutuwa shi ne wurin na gida. Wanda kawunka ya turo zai ce, haba, tsakaninmu har sai an rubuta? A rubuta! A shigar da hayar a Ejar, shafin gwamnati na rajistar yarjejeniyar haya, a bayyana wa zai biya wuta, wa zai gyara na'urar sanyaya ɗaki in ta mutu a tsakiyar zafi. Ni rigimar da ta fi cin raina, a kan tankin ruwa aka yi ta, da ɗan unguwarmu, don na ji kunyar kawo takarda. Shekara biyu mahaifiyarsa ba ta amsa gaisuwata.

Kuma in ciniki ya faɗa, ka koma wurin wanda ya turo, da ƙafarka, ba saƙon WhatsApp ba. Ka ce masa mutuminka ya tare, ga yadda muka yi. In bai faɗa ba ma ka gaya masa dalili, domin shi ya ara maka mutuncinsa.

Na ga an shigo da shayi. Malam, kai da ka ɗaga hannu tun ɗazu kan kafin alƙalami, matso kusa da lasifika.