Idan Sojojin Baka Suka Yi Maka Taron Dangi a Intanet

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da war haka.

A ce ka rubuta layi biyu a Facebook, ka ce asibitin unguwarku ba magani, ko titin da aka yi bikin buɗewa bara har yau ruwa ke kwana a kansa. Ba ka zagi kowa ba, sunan gwamna ma ba ka kama ba. Kafin ka ajiye wayar, sai ga su sun zubo. Wannan ya ce nawa aka biya ka, wancan ya ce ɗan baƙin ciki, wani ya ce maƙiyin Arewa. Wani ya koma baya ya tono tsohon hotonka ya yi masa ado da baƙar magana, wani kuma ya wuce ka gaba ɗaya ya nufi mahaifiyarka. In mace ce ta yi rubutun, abin ya fi muni, don ba a ko tsayawa a kan asibitin. Kai tsaye mutuncinta ake nufa: ki je ki yi aure, wa ya saya miki wayar, da sauran ƙazafin da baki ba zai iya maimaitawa ba.

Yau a kan wannan za mu yi magana. Su wane ne waɗannan mutane, me suke nema a wurinka, kuma ta yaya za ka amsa musu ba tare da ka yi musu aikin da aka ɗauke su su yi ba.

Abin dai ba da wayar hannu ya fara ba. Tun zamanin NEPU da NPC ana zambo da habaici a siyasar Arewa, a dandalin taro da bakin mawaƙa. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, musamman bayan Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, sai aka samu mutanen da sana'arsu ke nan: su shiga shirin siyasa su yabi ubangidansu, su yi wa abokin hamayyarsa wankin babban bargo. Su ake kira sojojin baka. Waɗanda ke cikin wayarka yau ƙannensu ne, wasu na ce musu 'yan data, saboda sau da yawa ladan bai wuce kuɗin data da ɗan abin sawa a aljihu ba. Bambancin shi ne na rediyo an san sunansa, an san gidansu, gobe za a haɗu da shi a wurin ɗaurin aure. Na waya yana iya zama mutum ɗaya mai shafi goma, kowanne da sunan aro da hoton jar hula ko tsintsiya ko lema.

Kuma a saman wannan sana'a akwai kuɗi na gaske. A watan Janairun 2023, ana dab da babban zaɓe, BBC ta fitar da wani bincike inda wasu da suka yi wa jam'iyyu aiki suka bayyana cewa ana biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya. Sun ce kuɗin kan kai naira miliyan 20, wani lokaci kuma a saka wa mutum da muƙami ko kwangila. Babba ya karɓi miliyoyi, ya rubuta abin da za a ce, a raba a zaurukan WhatsApp, yara su kwafa su bazu. Shi ya sa za ka ga mutum ashirin sun zage ka da jimla ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya.

To me suke so? Mutane da yawa na zaton so suke su kayar da kai a muhawara. Ba muhawara ta kawo su ba. Abu biyu suke nema: ko dai ka tsorata ka yi shiru har abada, ko ka fusata ka faɗi abin da za a ɗauki hotonsa a yi ta yawo da shi. Kowanne ka ba su, sun ci riba.

Akwai kuma wani da ke cin riba a gefe, wato manhajar kanta. Waɗannan kafafe an gina su ne su ɗaga duk abin da ke tara jama'a, kuma ba abin da ke tara jama'a kamar faɗa. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin ke ba alamar fushi, wannan jar fuskar, maki biyar, alhali danna alamar like, wato babban yatsa, maki ɗaya ne. Daga baya sun sauya wannan lissafi, amma tushen bai sauya ba: rubutun da aka fi mayar wa martani shi ake ƙara nuna wa mutane. Saboda haka duk lokacin da ka ɗauko zagin wani mai mabiya 40 ka ɗora a shafinka mai mabiya 40,000 don ka wanke shi tas, ka ba shi kyautar da ubangidansa bai iya ba shi ba. Da yamma hoton martanin naka zai tura wa wanda ke biyansa, ya ce ranka ya daɗe, ga aiki.

Don haka kafin yatsanka ya taɓa allo, fara duba wanda ke gabanka. Shiga shafinsa. In ka ga an buɗe shi watanni biyu da suka wuce, ba hoton mutum, ba abin da ke ciki sai yabon mutum ɗaya da zagin sauran duniya, to wannan a bakin aiki yake. Ba ka da abin da za ka gaya masa, domin ko ka kawo masa hujja kamar rana ba shi da izinin yarda. Shiru ma magana ce.

Amma kar ka yi wa kowa kuɗin goro. Akwai wanda ba a biya shi ko sisi ba, son ɗan siyasar ne ya shiga jininsa, kuma da ya ga an taɓa gwaninsa ji yake kamar gidansu aka jefa. Irin wannan yakan fara da zafi, amma a cikin zafin akwai magana. Zai ce ai gwamnatin baya ma haka ta bar asibitin, lokacin ina bakinka? Wannan tambaya ce, ko da an naɗe ta da rashin kunya, kuma tana da amsa. Ka tsince tambayar, ka bar rashin kunyar a inda ka same ta. In kuma gaskiya ya faɗa, ka ce masa nan kam ka yi gaskiya. Ba abin da ke kashe wa mai neman faɗa jiki kamar wannan.

Ga abin da ya kamata ka riƙe a duk wannan bidiyon. Amsar da za ka bayar ba don mai zagin ba ce. Don mutanen da ke karantawa ne ba su ce uffan ba, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Cikinsu akwai malaminka, akwai surukinka, akwai wanda zai ɗauke ka aiki baɗi, akwai wanda bai gama yanke shawarar wa zai zaɓa ba. Su ne alƙalai. Ba za su tuna wa ya fi iya baƙar magana ba, za su tuna wa ya kawo hoton asibitin, da ranar da aka ɗauka, da adadin da aka ware masa a kasafin kuɗi. To yi amsa ɗaya, gajeruwa, mai hujja, a ƙarƙashin rubutunka kai kanka, ka maƙala ta a sama in manhajar ta ba da dama. Wanda ya sake dawo da wannan zance, ga amsa can. Ba dole ba ne kai ka yi maganar ƙarshe. Mai shafi goma ba a riga shi gajiya.

Kuma kar ka rubuta ta jininka na tafasa. Ajiye wayar, tashi ka yi alwala, ka zaga. Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa ko ka goge, wani ya riga ya ɗauka.

Sai maganar ƙulle ƙofa. Wasu na ganin toshe mutum tsoro ne, ko rashin jure adawa. Ni ban gan shi haka ba. Shafinka zaurenka ne: mai sallama ya shigo ko da ra'ayinku ya saɓa, mai ashar kuma a raka shi waje. A X, wato tsohon Twitter, kana iya zaɓar waɗanda za su mayar da martani a rubutunka, kana iya rufe bakin mutum ta yadda ba za ka ƙara ganinsa ba shi kuma bai sani ba, abin da sau da yawa ya fi toshewa amfani, don wasu hoton toshewar suke yawo da shi kamar lambar yabo. A sani kuma, tun ƙarshen 2024 wanda ka toshe a X yana iya ganin rubutunka na fili, martani ne kawai ba zai iya ba. A Facebook ana ɓoye sharhi, ana taƙaita masu yin sa. A Instagram da TikTok ana jera kalmomin da ba a so, manhajar ta riƙa tace su da kanta, kuma gara ka zuba mata na Hausa da hannunka, don ba ta ƙware a ashar ɗinmu ba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri ta biyu da za a nema kafin a shiga shafinka, domin wanda ya kasa rufe maka baki yakan koma neman sace shafin.

Yanzu mu zo inda wasa ya ƙare. Idan zagi ya koma za mu zo har gida, ko aka wallafa adireshinka, ko makarantar 'ya'yanka, ko lambar matarka, wannan ya fita daga sahun surutun intanet. Kar ka amsa, kar kuma ka goge. Ɗauki hoton allo da ke nuna sunan shafin da rana da lokaci, kwafi adireshin rubutun, tura wa wani amintacce ya ajiye. Gaya wa iyalinka, nemi lauya, kai ƙorafi a rubuce wurin 'yan sanda ka riƙe kwafi. In ɗan jarida ne kai, sanar da ƙungiyarku. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a ne mai zafin sukar gwamnati a Twitter. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke shi daga gidansa a Barnawa, Kaduna, kuma shekaru sun shuɗe iyalinsa na jiran labarinsa.

Doka fa? Tana nan, amma kaifi biyu gare ta. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira miliyan 7 a kan wasu saƙonni, barazana ga rai kuma hukuncinta ya fi haka nauyi. Sai dai an yi ta amfani da sashen a kan 'yan jarida da masu suka, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Kuma duba waɗanda hukunci ya fi faɗa wa. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A cikin watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan abin da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, aka kai shi Abuja, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye ƙarar. Ma'ana, idan yaron ɗan siyasa ya zagi mahaifinka, kai kuma ka rama a kan ubangidansa, kana iya wayar gari kai ne a gaban alƙali, shi yana gida yana shan shayi. Ba adalci ba ne, amma haka filin yake. Soki aiki, soki kasafi, soki alƙawarin da ba a cika ba. Kar ka ce wane ɓarawo ne sai da takarda a hannu, kar kuma ka kusanci ƙazafi.

Saura abu ɗaya da ba a son ji. Kowace jam'iyya na da irin waɗannan yara, har da taka. Masu jar hula na da su, masu tsintsiya na da su, masu lema da magoya bayan Obi ma haka, kuma kowane ɓangare rantsuwa yake cewa na wancan ne marasa tarbiyya. Idan kana da mabiya, ka ɗora hoton wani ƙaramin shafi ka ce ku ga wannan, ka san abin da zai biyo baya, ko ba ka ce a zage shi ba. Rufe sunan kafin ka wallafa. In ka ga naka sun yi wa wata baiwar Allah rubdugu da sunan kare ka, fito fili ka ce ba da yawunka ba. In kuma abokinka ne aka yi wa taron dangi, shiga cikin masu zagin ka yi ta dambe da su ƙara wa wutar itace ne. Kira shi a waya ka ji lafiyarsa, ku taru ku kai ƙarar shafukan wurin kamfanin, sannan ka yaɗa ainihin rubutun nasa, wanda saboda shi aka taso masa.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. A huta lafiya.