Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Yaɗa Labarai kan Maido da Tsofaffin Wasannin Barkwanci a Talabijin

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai Girma Kwamishinan Yaɗa Labarai, ranka ya daɗe, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, shugaban gidan talabijin na jiha da ma'aikatansa, iyayenmu tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo, da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, 'yan jarida, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

A madadin ƙungiyarmu ta masu shirya wasan kwaikwayo, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san aikin ofis ya sha maka kai, amma ba ka aiko wakili ba, ka tako da kanka. Zumunta a ƙafa take, mun kuwa ga alama. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, labari ya iso mana cewa ma'aikatarka tana duba yadda za a maido da tsofaffin wasannin barkwanci a akwatin talabijin. Wannan magana ta faranta mana rai ƙwarai, domin mun daɗe muna yin ta a tsakaninmu ba mu sami mai saurare ba.

Talabijin ta shigo Arewa a 1962, lokacin da aka buɗe gidan RKTV a Kaduna. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin NTA, daga baya jihohi suka buɗe nasu, kamar CTV ta Kano da aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV. A waɗannan gidaje aka yi mutanen da har yau in an ambaci sunansu sai dattijo ya murmusa. Marigayi Usman Baba Pategi, ɗan gidan sarautar Pategi ne, Banufe, tsohon soja, amma duk ƙasar Hausa ba ta san shi da wani suna ba sai Samanja Mazan Fama. Ya ɗauko rayuwar bariki ya kawo ta tsakar gida, da Hausarsa ta soja mai gauraye da Turancin buroka. A zamanin da farar hula ke ganin kaki ya sake hanya, shi ne ya sa mutane suka yi wa soja dariya, sojan ma yana zaune yana tayawa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ga marigayi Ƙasimu Yero na Zariya da wasansa na Karambana, ga Karkuzu a Jos, ga Golobo a Sakkwato. Bayan da finafinan kaset suka kankama a Kano daga 1990, sai ga Rabilu Musa Ibro, tsohon gandiroba daga Ɗanlasan, wanda ya riƙe fagen barkwanci har Allah ya karɓi abinsa a watan Disamba na 2014. Ƙasimu Yero ya bi shi a 2017, Samanja a 2023. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na san akwai masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wai yaran yanzu ba za su zauna kallon hoto mai dishi-dishi ba. To, su duba wayoyin yaran. Guntayen wasannin Ibro da na Samanja suna yawo a WhatsApp da TikTok, kuma masu tura su yawanci ba a haife su ba lokacin da aka ɗauka. Ashe dariyar ba ta tsufa ba. Sai dai abin da ke cikin waya guntu ne, minti ɗaya ko biyu, an yanke kai an yanke gindi, ba sunan wanda ya tsara, ba sunan wanda ya ɗauka. Kuma kowa shi kaɗai yake kallo, da abin sauraro a kunne, in datarsa ta ƙare dariya ta ƙare. Waɗannan wasanni kuwa don taro aka yi su. Da yawa a cikin zauren nan sun tuna yadda gida ɗaya mai talabijin yake ɗaukar yaran unguwa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, manya a baya, yara a gaba, in wuta ta ɗauke a yi ta salati. Talabijin ta kyauta, wadda eriya kawai take buƙata, ita ce har yanzu take iya zaunar da kaka da jika su kalli abu ɗaya. Shi ya sa muke roƙon a ba su rana tsayayya da lokaci tsayayye, bayan sallar isha'i, kada a mayar da su abin cike gurbi, sai ranar da wani shiri bai iso ba a jefo su.

Amma, ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. Kafin a yi maganar lokaci, sai an tabbatar akwai abin da za a nuna. Yawancin waɗannan wasanni a kan kaset na U-matic da Betacam aka ɗauke su, na baya-bayan kuma a VHS da faifan CD. Kaset yana da rai, yana kuma mutuwa. Zafinmu na bazara, da laimar damina, da ƙurar hunturu, duk maƙiyansa ne. Za ka buɗe kwalin ka ga farin fumfuna ya bi zaren, ka ji wari ya buso. In aka yi gaggawar cusa shi a na'ura, zaren ya manne ya yi ta ƙara, baƙin da ke ɗauke da hoton ya goge a kan na'urar, shi ke nan an rasa wasan, an kuma lalata na'urar. Masu sanin aikin sai sun goge fumfunar a hankali, wani kaset ɗin har sai an gasa shi da ɗan zafi kaɗan na tsawon sa'o'i don ya bushe, sannan a kunna shi sau ɗaya a kwafe cikin kwamfuta. Na'urorin da ke karanta irin waɗannan kaset an daina ƙera su, injiniyoyin da suka san cikinsu kuma yawanci sun yi ritaya. Biyu daga cikinsu suna zaune a layin gaba, ina roƙon kada ka tafi ba ka gaisa da su ba.

Wasu wasannin kuwa sun riga sun tafi, domin a da kaset tsada gare shi, akan goge tsohon shiri a ɗora sabo. Wannan ba a nan kaɗai aka yi ba. BBC da kanta ta goge shirye-shiryenta da yawa a shekarun 1960 da 1970, daga baya ta koma tana cigiya wajen jama'a, ko akwai wanda ya ajiye kwafi. Mu ma sai mu yi cigiyar a rediyo. Akwai gidajen da ke da kaset a ƙarƙashin gado ko cikin adaka, masu su ba su san darajar abin da suke riƙe da shi ba.

Kuma an taɓa yin irin wannan ceto a ƙasar nan. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi a 2016 a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Hukumar tana nan a Jos da ma'ajiyarta ta finafinai. In ma'aikatarka ta rubuta musu, sun san hanya.

Sai maganar haƙƙi, wadda ba zan ɓoye ba tunda iyalan suna nan suna ji. Mutanen nan sun yi aiki lokacin da ladan wasa bai taka kara ya karya ba. Kowa ya ji halin da Karkuzu ya shiga da tsufa ya kama shi, ga rashin gani, har sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka masa, amma bai kamata rayuwar wanda ya ba al'umma dariya shekara da shekaru ta rataya a kan tausayin mutum ɗaya ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta san da haƙƙin ɗan wasa. In an sa talla a kan wasan mutum, to a ware kason iyalansa, a rubuce, tun kafin a fara.

Ba kuma duk abin da yake tsoho ne ya cancanci fitowa ba, gaskiya ɗaya ce. A cikin finafinan kaset musamman akwai inda aka wuce gona da iri wajen kwaikwayon wata ƙabila ko mai lalura. A zaunar da dattawan sana'ar su tace. Wanda ya tsallake kuwa a bar shi yadda yake. Kada a ja hoton don ya cika faffaɗan allon zamani har fuskar Samanja ta koma faranti, kada kuma a rufe rabin allo da tallan maganin basir yana gudu a ƙasa. A bar sunayen ma'aikata su fito a ƙarshe, domin 'ya'yansu suna kallo.

Mu a namu ɓangaren mun shirya. Za mu ba da jerin wasannin da muka san an yi, da sunayen waɗanda suka fito a ciki, za mu kuma shiga gida-gida neman kaset in an ba mu takardar izini.

Bayan wannan jawabi, ranka ya daɗe, za mu raka ka ɗakin da muka tara kaset ɗin da muka samu, ka ga halin da suke ciki da idonka, sannan a nuna maka wasa ɗaya da aka riga aka kwafe. Daga nan sai a ci abinci.

Muna sake yi maka maraba, kai da 'yan tawagarka. Allah ya yi maka jagora, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.