Lacca: Abin da ke sa tankin jirgin ruwa ya ƙi shan mai

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai, yau za mu tsaya ne a kan jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ke turawa. Shi ma yana da ɗan injin dizal na shiga tasha da fita, da tankinsa a can ƙasa. Kukan masu irin wannan jirgi kusan ɗaya ne: an fara zuba mai, famfo sai katsewa yake, man yana tasowa da kumfa, wani lokaci har ya yi wa mutum feshi a fuska. Tankin da za a cika a minti kaɗan sai a ɓata rabin awa a kansa.

Yawanci laifin ba na famfo ba ne. Tankin da kuke cewa babu komai a ciki, cike yake da iska, kuma lita ɗaya ba ta shiga sai lita ɗaya ta iska ta fita. Duk wanda ya taɓa danna mazurari a bakin kwalba har ya liƙe ya ga yadda mai ke tsayawa cak.

Tiyo biyu ne a nan. Na zuba mai, faɗinsa milimita 38 ne a mafi yawan jirage. Sai ƙaramin, tiyon numfashi, mai milimita 16, wanda ke tashi daga saman tanki ya fita ta gefen jirgi ko ta baya. Shi za ku fara tuhuma.

Ku fara daga waje. A bakin tiyon numfashin akwai 'yar raga ta ƙarfe. Gishirin teku yana cin ta, tsatsa ta toshe ramukan. Ga kuma zanzaro: jirgi ya yi wata uku a ɗaure, sai ya zo ya gina ɗakinsa na laka daidai cikin ramin. Ku haska tocila, ku sa siririyar waya ku tono.

Idan bakin lafiya lau ne, sai a shiga ciki a bi tiyon da hannu, taki-taki. Nan aikin yake, don sai ka kwanta rigingine a wani lungu mai zafi da warin mai. Abin nema shi ne inda tiyon ya yi ciki, wato ya sauko sannan ya sake hawa. Ranar da aka cika tanki fal, ko jirgi ya karkata da iska, mai yana hawa cikin tiyon. In ya tarar da kwari sai ya kwanta, ya zama toshiya. Ɗan kaɗan ya isa. Shi ya sa za ka ji ana ɓulɓul, sannan man ya yi tsartuwa waje. Maganinsa a ɗaure tiyon ya riƙa hawa ba tare da sauka ba, ya wuce tsayin bakin waje, sannan ya lanƙwaso ƙasa. Wannan lanƙwasar ce ke hana ruwan teku gangarowa cikin tanki. Ni a ganina, wanda ya bar tiyo yana reto don gudun wahalar ɗaure shi, bai gama aiki ba.

Wani ɗan'uwa can baya yana tambaya ko a busa da kwamfaresa. Malam, a kula. Irin wannan tanki da ɗan matsi kaɗan ake gwada shi, wajen fam 3 a kowane murabba'in inci. Ka bar murfi a rufe ka sakar masa iska, sai ya kumbura ko waldarsa ta tsage. Cire tiyon daga kan tanki tukuna, ka busa zuwa waje.

Toshewar nan tana kashe inji ma. Yana jan mai, iska ba ta shigowa ta maye gurbi, sai ya fara shiɗewa bayan an yi tafiya. Buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska fuu, injin kuma ya farfaɗo, laifin na tiyon numfashi ne, kada ka taɓa filtar mai.

In numfashi ya fita daga zargi, duba babban tiyon. Ko ya karye a kwana, ko ya tsufa fatar cikinsa ta saɓule ta tare hanya, daga waje kuwa sumul. Sabon da za a sa ya zama na mai ne, mai tambarin ISO 7840 a jiki, ba tiyon ruwa ba. Sannan wasu tashoshin famfonsu na manyan jirage ne, ƙarfinsa ya fi ƙaramin tanki, dizal kuma mai kumfa ne. A nan sai a matsa hannun famfo rabi, a ajiye tsumma kusa da bakin numfashi kada mai ya ɗiga a ruwa.